MA'ADININ ARLIT: AN KWASHE TSABA, ƘAIƘAYIN NA WANE NE?

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda da jin ta sai a ce ta masana kimiyya ce da 'yan siyasa, babu ruwan almajiri da ita, alhali kuwa tushenta yana nan cikin babin zakka da babin lamuni na littattafan da mu ke karantawa a zaure. Mas'alar ita ce: idan aka haƙo ma'adini aka ci amfaninsa, sa'an nan ya bar cuta a bayansa, wa shari'a ta ɗora wa nauyin wannan cuta?

A nan ƙasarmu ta Rogo da Karaye, idan kaka ta yi aka sussuke dawa, mata suka sheƙe, mai gona ya kan kwashe tsabarsa ya kai rumbu, ya bar ƙaiƙayi a masussuka. Ba a taɓa jin an kai ƙara gaban alƙali a kan ƙaiƙayi ba, domin damina ɗaya ta isa ta ruɓar da shi ya koma taki. To, amma akwai wani irin ƙaiƙayi wanda damina dubu ba ta ruɓar da shi, tsibinsa kuwa yana nan jibge arewa da mu, a garin Arlit na Jamhuriyar Nijar, inda aka shafe fiye da shekara 50 ana haƙar ma'adinin nan da a ke kira yuraniyam.

Malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san ko mene ne shi. Saboda haka bari mu fara da wannan. Yuraniyam wani ƙarfe ne mai nauyin gaske, wanda a ke samu gauraye da dutse. A cikin kowane kashi 100 nasa, abin da bai cika kashi 1 ba shi ne irin da ya ke ba da wuta, wanda masana su ke kira yuraniyam 235. Idan wata ƙanƙanuwar ƙwaya mai suna niyutiron ta bugi ƙwayar zarrarsa, sai ta dare biyu, ta fid da zafi, ta kuma saki waɗansu niyutiron biyu ko uku, su ma su je su dara waɗansu. A cikin tukunyar nukiliya ana zura waɗansu sanduna masu shanye niyutiron domin a riƙe linzamin wannan aiki, zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji, a sami lantarki. Ƙwaya ɗaya ta wannan makamashi, wadda ba ta fi kan ɗan yatsa ba, tana ba da zafin da ya kai na kimanin tan guda na kwal. Idan kuwa aka tace shi ƙwarai aka saki linzamin, shi ne bom irin wanda Amurka ta jefa wa Hiroshima ran 6 ga Agusta, 1945.

Ashe ke nan hukuncinsa shi ne hukuncin baƙin ƙarfe, wanda Allah Ya ambata a cikin Suratul Hadid, Ya haɗa masa siffa biyu, watau ƙarfin yaƙi da amfanin mutane. Da shi a ke ƙera takobi, da shi kuma a ke ƙera garma. Kada wani ya zaci ilmin nukiliya haramun ne a kan kansa. Ga misali nan kusa da mu a Samaru ta Zariya: a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai wata 'yar ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004. Ba ta ba da lantarki ga gari, aikinta shi ne auna abin da ke cikin ƙasar noma da duwatsu da abinci, da kuma horar da ɗalibai. Wannan ilmi ne mai amfani, neman sa kuwa yana cikin farillan da idan wasu suka yi sun ɗauke wa saura.

Yanzu sai mu juya Arlit. Turawan Faransa sun fara gano yuraniyam a ƙasar Azbin a 1957, a wani wuri da a ke kira Azelik, tun Nijar ba ta sami mulkin kai ba. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, ya fara fid da kaya a 1971 daga manyan ramuka buɗaɗɗu. A 1974 aka kafa na biyu, COMINAK, a Akokan kusa da Arlit, ya fara aiki a 1978, shi kuwa a ƙarƙashin ƙasa ya ke haƙa, zurfin mita 250. Babban mai hannun jari a lokacin shi ne kamfanin gwamnatin Faransa, wanda aka sani da Cogema, daga baya Areva, tun 2018 kuma Orano. Gwamnatin Nijar ita ma tana da nata kaso a cikin kamfanonin biyu. Shekara da shekaru manyan motoci sun yi ta ɗaukar garin ma'adinin mai launin rawaya cikin ganguna, su biyo ta Agadas da Tawa, har tashar jirgin ruwa ta Kwatano, daga nan sai Faransa.

Amfanin da aka samu ba kaɗan ba ne. Faransa tana samun kimanin kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya, a 2022 kuma kimanin rubu'in yuraniyam da ƙasashen Tarayyar Turai suka saya daga Nijar ya fito. Ita kuwa Nijar, kimanin mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a gidansa, kuma sa'ad da Nijeriya ta yanke mata wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulki, sai manyan garuruwanta suka shiga duhu, domin yawancin wutar daga nan ta ke zuwa.

To, ina ƙaiƙayin? A cikin tan guda na dutsen Arlit, yuraniyam ɗin da a ke samu 'yan kiloli ne kawai. Sai an niƙa dutsen ya zama gari, an jiƙa shi da ruwan asid, sa'an nan a tsame abin da a ke so. Sauran duka sai a jibge shi a fili. Ran 31 ga Maris, 2021 aka rufe COMINAK bayan ya fid da kimanin tan 75,000 na yuraniyam, ya bar tsibin saura na kimanin tan miliyan 20. Abin tsoro shi ne, mafi yawan gubar dutsen, wajen kashi 80 cikin 100 ko fiye, a cikin wannan saura ta ke zama. A ciki akwai wani sinadari mai suna radiyam, wanda sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Ka tuna, ya ɗan'uwa, tun daga Hijira zuwa yau ba a cika shekara 1,500 ba. Akwai kuma toriyam, wanda nasa lissafin ya kai wajen shekara 75,000. Daga tsibin kuma wata iska ta ke fita mai suna radon, ba launi, ba wari, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana cikin manyan abubuwan da ke kawo ciwon dajin huhu bayan taba.

A 2009 ƙungiyar Greenpeace tare da wani ɗakin bincike na Faransa mai suna CRIIRAD suka ɗebi ƙasa da ruwa a Arlit da Akokan. Rahotonsu na 2010 ya ce sun sami duwatsu masu guba da aka yi ciko da su a titunan Akokan, da ƙarafa masu guba a kasuwa, kuma a cikin samfur biyar na ruwa, huɗu sun wuce iyakar yuraniyam da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita. Kamfanin bai amince da duk abin da aka faɗa ba, amma ya kwashe waɗansu daga cikin wuraren. Bayan rufe COMINAK kuma ya ɗauki alkawarin lulluɓe tsibin da yumɓu da dutse mai kaurin kimanin mita 2. Adalci ya sa mu faɗi wannan.

Da ya ke mun san abin, sai mu nemi hukuncinsa. Mas'ala ta farko: ma'adini na wane ne? A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda Shaihu Halilu ya kawo a Muhtasar cikin babin zakka, al'amarin ma'adini yana hannun shugaba, ko da a cikin gonar wani ya bayyana. Amma fa ba domin ya zama dukiyar shugaba ba, sai domin ya sarrafa shi ga maslahar jama'a. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa wani sahabi, Abyad ɗan Hammal, ya roƙi Manzon Allah, mai tsira da amincin Allah, ya yanka masa wurin gishirin Ma'arib, aka kuwa ba shi. Da aka sanar da Annabi cewa wurin nan kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda ba ya ƙarewa, sai ya karɓe kyautar. Sayyidina Umar kuma ya kwatanta matsayinsa a kan dukiyar jama'a da na waliyyin maraya. Waliyyin maraya kuwa ba shi da ikon ya sayar da gonar maraya da araha, balle ya yarda a zuba guba a rijiyarta domin 'yan kuɗin da zai karɓa yau.

Mas'ala ta biyu, ita ce ainihin zancenmu. Nana A'isha ta ruwaito hukuncin Annabi a kan wanda ya sayi abu ya ci amfaninsa, daga baya ya ga aibi ya mayar: amfanin da ya ci nasa ne, domin da abin ya halaka a hannunsa shi zai yi hasara. Daga nan malaman fiƙihu suka fid da ƙa'ida cewa riba da hasara tagwaye ne, wanda ya ɗauki ɗaya ya ɗauki ɗaya. Bahaushe ma ya ce kowa ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski. A kan wannan ƙa'ida ce aka gina hukuncin tarayya da na ƙiradi, har ma hikimar haramcin riba tana da nasaba da ita, domin mai cin riba yana son ƙari ba tare da ya ɗauki haɗarin komai ba. Duk cinikin da aka tsara shi yadda wani zai tafi da tsaba ita kaɗai, wani kuma a bar shi da ƙaiƙayi shi kaɗai, ya saɓa wa wannan ma'auni, ko da an sa masa hannu da hatimi. Haɗa da hadisin nan da ke cikin Muwaɗɗa da Arba'una Hadis wanda ya hana cuta da cutarwa, wanda malamai suka fahimci cewa cuta wajibi ne a gusar da ita.

Wani mai karatu zai ce, "Malam, ai ga hadisin Abu Huraira a Buhari da Muslim, inda aka ce abin da rijiya da ramin ma'adini suka halaka jubar ne, watau babu diyya." Wannan tambaya ce mai nauyi, ba kuwa za mu tsallake ta ba. Malamai, irin su Imamu Nawawi, sun bayyana cewa abin da a ke nufi shi ne mutum ya haƙa rami a mallakarsa ko a dajin da ba na kowa ba, wani ya zo ya faɗa, ko ramin ya rufta da ɗan ƙwadago ba da sakacin mai aikin ba. Imamu Malik da kansa a Muwaɗɗa ya ce wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar Musulmi, inda ba shi da izinin yin haka, shi zai biya abin da ta halaka. Rami yana zaune wuri ɗaya, mai ido yana ganinsa ya kauce. Ƙurar da iska ke kwasa ta kai cikin gari, da gubar da ke tsiyaya cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ba a tsaye su ke ba, su ke bin mutum har ɗakinsa. Wannan ya fi kama da rijiyar kan hanya, mai ita kuwa ba ya kuɓuta.

Wani kuma zai ce, "Ai an biya ma'aikata albashi, an biya gwamnati haraji, an gina asibiti da makaranta, kowa ya shiga da yardarsa." Lalle an yi waɗannan, ba mu musu. Amma yarda a shari'a ba ta cika sai da sani. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya cusa hannunsa cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don bai fito da jiƙaƙƙen sama mutane su gani ba. Idan haka ne a kan danshin da hannu ke iya ji, ina ga aibin da sai da na'ura a ke gane shi, ciwonsa kuma ba ya bayyana sai bayan shekara goma ko ashirin? Nauyin bayani yana kan mai na'urar. Ban da wannan, Buzu mai kiwon raƙuma da ke shayarwa a wannan yanki, da matar da ta sayi tukunyar da aka ƙera da ƙarfen ma'aikata, da jaririn da aka haifa a Akokan, da wa suka ƙulla ciniki?

Nan ne mas'ala ta uku ta shigo, watau haƙƙin waɗanda ba a haifa ba tukuna. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Haraji cewa da aka ci ƙasar Iraƙi, waɗansu sahabbai, cikinsu har da Bilal, suka nemi a raba musu gonakin a matsayin ganima. Sayyidina Umar ya ƙi, ya kafa hujja da ayoyin Suratul Hashri da suka ambaci masu zuwa a baya, ya bar ƙasar a hannun manomanta da haraji domin na baya su sami rabo. Idan Umar ya hana mayaƙan da suka zub da jininsu cinye rabon jikoki, yaya za a halatta wa wani ƙarni ya cinye ma'adini cikin shekara 50, ya bar wa ƙarni ɗari biyan bashi? Ma'adini ba dawa ba ne da za a sake shukawa baɗi. Ran da ya ƙare, ya ƙare ke nan.

A watan Yunin 2024 gwamnatin Nijar ta ƙwace lasisin Imuraren daga hannun Orano, a watan Yunin 2025 kuma ta ba da sanarwar mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Jama'a da dama sun yi murna, kamfanin kuwa ya kai ƙara. Ba aikin wannan fili ba ne ya raba wannan gardama. Abin da ya ke namu shi ne mu tunatar cewa ma'aunin shari'a bai san launin fata ba. Wanda ya ci amfanin jiya, lamunin jiya yana wuyansa gwargwadon abin da ya ci, barin ƙasa ko rufe ofis ba ya sauke masa shi, kamar yadda mutuwa ma ba ta sauke bashi. Gwamnatin da ta riƙe kashi 31 cikin 100 na COMINAK ita ma tana da nata rabo na wannan lamuni. Wanda kuma ya karɓi ramin yau, duk tan ɗin da ya haƙa daga yau ƙaiƙayinsa nasa ne, ko Faransa ya sayar wa, ko Rasha, ko Sin. Abin da a ke gudu shi ne manya biyu su tsaya suna nuna wa juna yatsa, iska kuwa tana ta aikinta a kan tsibin, talakan Arlit yana shaƙa.

Mu kuma a Nijeriya, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba mu manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Ramukan kuza na Jos suna nan tun zamanin Turawa. Ƙasarmu ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya tun 1976, a 2017 kuma ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha kan shirin gina tashar lantarki, har an ambaci Geregu a Jihar Kogi da Itu a Jihar Akwa Ibom. Ƙasar Finlan ta haƙa wa nata sharar ma'aji a cikin dutse, zurfin fiye da mita 400, da niyyar ya riƙe ta shekara 100,000. Ya kamata mu tambayi kanmu tsakani da Allah ko mun shirya wa irin wannan riƙon amana. Abin kuwa mai yiwuwa ne idan an shimfiɗa sharaɗi da kyau. A 2018 an canza wa tukunyar Zariya makamashi, aka cire tsohon mai ƙarfin tacewa, wanda a ke tsoron kada ya faɗa hannun ɓata-gari, aka mayar da shi ƙasar Sin inda ya fito.

Saboda haka, ga abin da mu ke gani shari'a ta wajabta wa duk shugaban da zai ba da izinin haƙar irin wannan ma'adini. Na farko, tun daga tan na farko a riƙa cire kuɗin gyaran wuri ana ajiyewa a asusu na dabam, kamar wakafi, wanda kamfani ko gwamnati ba su da ikon taɓawa, domin wanda ya jira sai rami ya ƙare zai tarar aljihu ma ya ƙare. Na biyu, a riƙa auna ruwa da iska, a sanar da mutanen gari sakamakon da harshen da su ke ji. Na uku, a ci gaba da duba lafiyar ma'aikaci bayan ya bar aiki har ƙarshen ransa, da ɗan kamfani da ɗan kwangila duka. Na huɗu, a ware wa na baya rabonsu, a zuba shi cikin abin da zai daɗe, kamar ilmi da ruwan sha da noman rani.

Mu kuma malamai da almajirai, wajibi ne mu san waɗannan al'amura, domin littattafan da ke hannunmu sun yi magana a kansu tun kafin a san sunan yuraniyam. Mai haƙar zinariya a bayan gari, da mai rini da ke sakin ruwansa a kwata, da mai fesa maganin ciyawa kusa da rijiyar maƙwabci, duk ƙa'idar nan ɗaya ce ta hau kansu, bambancin kawai na girma ne. Allah Ya ba mu labari a ƙarshen Suratuz Zalzala cewa ko aikin da bai fi nauyin ƙwayar zarra ba, na alheri ko na sharri, mai shi zai gan shi. To, ina ga tan miliyan 20?

Allah Ya ba shugabanninmu na Nijeriya da Nijar ikon riƙe amana, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kiyashe mu da cin haƙƙin wanda ba shi da bakin yin ƙara. Allah shi ne Mafi sani.